Shawarwari ga masu tafiya karatu Masar

A wani zama da tsofaffin ɗaliban Masar suka yi a Katsina, maganar iƙama, wato takardar zama a ƙasar, ta fi ɗaukar lokaci. Sun ce ka fara neman takardar zama tun makon farko, ka yi kwafin fasfo da yawa, domin layi na da tsawo. Larabcin Islamiyya kuma ba shi ake yi a kasuwannin Alƙahira ba, ammiyya ce, wato Larabcin da mutanen gari ke yi yau da kullum, sai ka saurara sosai kafin kunne ya saba.

Disamba da Janairu akwai sanyi, a tafi da rigar sanyi. A ƙulla yaji, kuka da daddawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun kewar gida. Kada ka kulle kanka a ɗaki, nemi 'yan uwa ɗalibai, ka riƙa kiran iyaye.