Ƙwari sun shiga waken da na adana, buhun PICS mai hana iska shiga zai cece shi?

Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin cefane ya daina kai mu ƙarshen wata. Awon kwano-kwano a shago shi ke cinye albashin, shi ya sa da kaka na kwashi adashi na sayo buhun masara da rabin buhun wake a Dawanau.

Masarar lafiya lau. Waken ne matsala. Na shanya shi ya bushe ƙayau, na zuba busasshen barkono da ganyen darbejiya, na ɗaure bakin buhu. Kafin sanyi ya wuce duk ya huhhuje, kana ɗiba gari na zuba, ƙwari na tashi. Uwargida ta bushe shi ta sake shanyawa, muka juye a jarka, amma murfin ba ya kamawa sosai, sun dawo. Maganin feshi kam ba zan sa a abin da yara za su ci ba.

Don Allah, buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwarin da suka riga suka shiga, ko lafiyayyen wake kawai yake karewa?