Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba

Bakatsine: Jama'a wai ina asalin maganar nan ne? Ita tauraruwar me ta tsare wa mutane har aka ɗora mata wannan baƙin jinin?

Uwar Biyu: Wanda ba ya zuwa sai da fitina ake jefa wa ita, irin dangin nan da za ka shekara ba ka ga ƙeyarsa ba, ran da ya yi sallama kuwa ko rance ko gulma ko ya zo kashe aure.

Ɗan Damagaram: Mutanen da ne in ta fito sai su ce sarki zai mutu, ko yunwa ko yaƙi na tafe. Kuma ba mu kaɗai ba, wadda ake kira Halley ta fito a 1066, a shekarar aka kashe Harold sarkin Ingila a fagen daga, Turawa ma suka ce ai ga shi nan.

Malamin Kimiyya: Dunƙulen ƙanƙara ne fa da ƙura yake zagaya rana, in ya matso kusa zafi ya sa shi fitar da tururi da ƙura, shi ne wutsiyar, kullum kuma tana juya wa rana baya. Halley ɗin nan kusan duk shekara 76 take dawowa, an gan ta 1910 da 1986, sai kuma 2061. Abin da aka san lokacin zuwansa tun kafin a haife ka ina ruwansa da mutuwar sarki?

Bakatsine: To amma malam ai an ga wata a 2020 lokacin korona

Malamin Kimiyya: A watan Yuli aka gan ta, korona ta riga ta da watanni.

Almajiri: Camfi ne dai. Ran da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu an yi kusufin rana, mutane suka ce don shi ne, Annabi ya ce rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ni ina ganin a bar faɗinta.

Uwar Biyu: Haba malam, wa ya kalli sama? In na faɗa wa ƙanin maigidana ai shi ya san bashin da nake nufi 😂

Ɗan Damagaram: Mu nan har aboki in ya daɗe bai leƙo ba da ita ake tarbarsa cikin wasa, amma kar ka kuskura ka gwada wa surukinka.