Ƙanina ya faɗa shan kirak, ta ina za mu fara?

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan ƙanina, ɗan shekara 24. Tun bayan sallar layya ya sauya mana. Sai ya kwana yana zirga-zirga a tsakar gida, yana leƙa bayan labule wai ana bin sa, washegari kuma ya bingire yana barci har la'asar. Ya rame, leɓensa ya tsattsage, yatsunsa duk tabon ƙuna. Hajiya ce ta tsinci ɗan bututun gilashi da ya yi baƙi a aljihunsa. Da na matsa masa, ya amsa cewa kirak yake zuƙa, hodar ibilis ɗin nan da ake dafawa ta dunƙule kamar tsakuwa.

Wani ma'aikacin jinya ya faɗa mini buguwarta ba ta wuce minti 10 zuwa 15, shi ya sa mai sha yake ta maimaitawa har kuɗi su ƙare. Ya ce kuma ba ta da wata ƙwaya takamaimai da ke yanke sha'awarta, sai zaman ba da shawara da likitan ƙwaƙwalwa da sa ido na watanni.

Kawu ya dage a kai shi gidan mari. Ni kam ban yarda ba, bayan azabtar da mutane da aka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Inda na maƙale: yaron ya ƙi zuwa asibiti, wai shi ba mahaukaci ba ne. Wanda ya taɓa kai nasa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano, yaya kuka shawo kansa? In muka je sashen gyaran hali na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi (NDLEA) da kanmu, za su kama shi ne? Jiya kuma ya fara kukan ciwon ƙirji, shin wannan na gaggawa ne?