Fanshon mamaci: gado ne ko ba gado ba?

Ƙanin Marigayi (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Abin da ke cina a rai zan faɗa. Yayana malamin makarantar gwamnati ne a nan Kamaru, ya rasu bara ya bar mata biyu. Uwargida shekara 23 tana ɗakinsa, 'ya'ya 6, amma fatiha kawai aka shafa, ba su taɓa zuwa meri ba, wato ofishin magajin gari inda ake rubuta aure. Amarya shekara 4, ita tana da takardar aure. Wata 7 ina yawo da dosiye, wato takardun neman fanshonsa, daga takardar mutuwa zuwa hukuncin kotu na magada, daga ƙarshe aka ce min a wani ofishi sunan amarya kaɗai zai fito. Yanzu uwargida ƙosai take soyawa a ƙofar gida tun asuba, autarta na riƙe mata fitila. Wannan ba cin gadon marayu ba ne?

Tsohon Ma'aikaci: Allah ya jiƙansa da rahama. Amma ɗana, gyara bakinka, fansho ba gado ba ne. Haƙƙi ne da doka ta yanka wa matar ma'aikaci, rabin fanshon mijin. In mata biyu ko uku duk suna da takarda, a raba rabin nan daidai tsakaninsu. Tun dokar 1981, auren da gwamnatin Kamaru ta sani shi ne wanda aka rubuta gaban jami'in meri, a nan ne ma ake tambayar miji mace ɗaya ya zaɓa ko fiye.

Malamin Zaure (Marwa): Alhaji, in ba gado ba ne, mene ne? Daga albashinsa ake yanke kuɗin nan duk wata. Guminsa ne. Abin da mamaci ya bari kuwa Allah ya riga ya raba, mata tumuni in akwai 'ya'ya, sauran na magada.

Tsohon Ma'aikaci: Malam, bai bari ba. Ranar da ya rasu kuɗin nan ba su cikin aljihunsa, ba zai iya sayar da su ko ya yi wasiyya da su ba. Ta yaya za su zama gado?

Malamin Zaure: Bashin da mamaci ke bi ma ba ya cikin aljihunsa, kuma ana gadonsa.

Hajiya Mai Atamfa: Ni dai abin da ke ba ni takaici, sai an zo kuɗin da mace za ta riƙe ake tuna tumuni. Ina malamai suke ranar da ya kai yarinya meri ya bar uwar 'ya'yansa da fatiha?

Ɗan Kusiri: Hajiya, fatiha kike rainawa? A'uzubillahi.

Hajiya Mai Atamfa: Kada ka sa min magana a baki, yaro. Na haifi kamarka.

Ɗan Kusiri: Ki yi haƙuri Inna, amma haka maganar ta fito. Shi kuma mai ƙorafi ya tafi hukumar fansho ta CNPS kawai.

Tsohon Ma'aikaci: CNPS ta ma'aikatan kamfanoni ce. Malamin gwamnati fanshonsa ta Ma'aikatar Kuɗi yake bi, a Yawunde. Kun ga matsalar, kowa na magana ba sani. Ɗana, yana kan aiki ya rasu? In haka ne akwai kuɗin mutuwa da ake biyan iyali sau ɗaya. Kuma yaran uwargida ƙanana suna da nasu kason na marayu, in suna da takardar haihuwa da sunansa.

Baƙo daga Injamena: Mu a Cadi CNRT ke riƙe fanshon ma'aikatan gwamnati. Amma ni ina bayan Malam, gado ne.

Ɗan Kusiri: Kai kuma wa ya sa da kai? Gada ɗaya ce tsakaninmu, mun san halin da tsofaffinku ke ciki.

Baƙo daga Injamena: Ka zo ka faɗa min a gabana.

Malamin Zaure: Alhaji ya ce muna magana ba sani. Shekara 30 ina karantar da gado, yau ɗan boko zai ce ban sani ba?

Tsohon Ma'aikaci: Ni ma na yi allo kafin boko, Malam.

Ƙanin Marigayi: Jama'a, ni uwargida nake tambaya a kai. Yaya zan yi da ita?

Hajiya Mai Atamfa: Ka je ka sami amarya, ku zauna da dattawan gida. In tana tsoron Allah ta raba.

Malamin Zaure: Ba alfarma za ta yi ba, wajibi ne. Gado ne.

Mai Kula da Zaure: To, ya isa haka. Ni da na bi maganar tun farko, abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda gado ne, kamar yadda Malam ya kawo hujja mai ƙarfi ta bashi, kuma ba wanda ya iya ba shi amsa. Alhaji ya kawo dokar gwamnati, mun gode, amma takardar meri ba ta fi shekara 23 da 'ya'ya 6 ba, kuma ni wallahi zuciyata na wajen baiwar Allah nan mai ƙosai. Amarya ta fito da kuɗin a raba bisa shari'a. Ɗan Kusiri da baƙonmu na Injamena, na goge saƙonninku biyu na ƙarshe. Na rufe zaure sai bayan isha'i.