Neman kalma: me za mu kira abin da ke hana ƙari tsirowa a jiki?

Assalamu alaikum. An ba ni aikin shirya bayani kan ciwon daji, za a karanta wa iyayenmu mata a wata Islamiyya ta wajen Ƙofar Marusa a Katsina, sai na cije a kan abin da Turawa ke kira tumour suppressor gene. Ina neman taimakonku.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin halittar jikinmu kullum cikin rabuwa suke, ɗaya ta koma biyu, da haka yaro ke girma, rauni ke warkewa. To a cikin kowacensu akwai umarnin da muka gada, wanda aikinsa shi ne ya ce mata "dakata". Wanda ya fi suna shi ne p53, an gano shi a 1979. In ya ga ƙwayar ta sami lahani sai ya hana ta rabuwa har a gyara, in kuwa ba ta gyaruwa ya sa ta mutu. A kusan rabin cututtukan dajin da ke kama mutane, ana tarar da shi a lalace.

Baba, malaminmu na Hausa daga Daura, ya ce "madannin ƙari". Allah ya ƙara girma, Baba, fassarar ta bi Turancin sau da ƙafa, amma ina da ja. Wanda ya ji "danne ƙari" zai ɗauka ƙarin ya riga ya fito, ana danna shi da hannu ko da magani. Alhali wannan abu yana aiki tun babu ƙari, a jikin mai lafiya, dare da rana.

Antinmu ma'aikaciyar jinya ta ce ita "birki" take ce wa majinyata, kuma suna ganewa nan take. Gaskiyarki, Anti, kalmar ta zauna a bakin kowa.

Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da linzami, kuma ga dalilina. Duk wanda ya tsaya filin Kangiwa da ke ƙofar fadar Sarkin Katsina ranar hawan sallah ya ga ingarma ya taho a sukwane, ƙura ta turnuƙe, mahayi ya ja shi ya ƙame daf da gaban Sarki, kumfa na zuba daga bakinsa. Ƙarfin dokin yana nan, ba a kashe shi ba, sarrafa shi aka yi. Sannan igiyar biyu ce a hannun mahayi, dama da hagu. Haka wannan umarni yake, biyu muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 1971 wani likita Ba'amurke mai suna Alfred Knudson ya yi nazarin dajin ido na ƙananan yara, wanda uwa kan fara lura da shi in ta ga tsakiyar idon ɗanta na farin ƙyalli kamar na kyanwa da dare. Ya nuna cewa sai duka biyun sun lalace ciwon ke tashi. Yaron da aka haifa da igiya ɗaya a tsinke, saura ɗaya gare shi, shi ya sa ciwon kan zo masa da wuri, sau da yawa a ido biyu.

Kuma kalmar tana zuwa da 'yan rakiyarta. Gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi tana "tsinke linzami" a hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Cutar HPV mai jawo dajin bakin mahaifa kuwa "kwance linzami" take yi. Ba tsohuwar da za ta nemi ƙarin bayani.

Wani ƙanena ya ce to a ce "linzamin ƙwaya". A'a, ƙanena, ƙwaya ita kaɗai yanzu hankali wajen shaye-shaye yake tafiya, ba zan so a karanta haka gaban iyaye ba. Na tsaya kan "linzamin halitta".

Baba ya dawo da magana mai nauyi: linzami ba ya kashe doki, p53 kuwa yana sa ƙwaya ta mutu. Na karɓa, Baba. Wannan mutuwar sunanta daban, apoptosis, kalmar Girkanci ce da ke nufin kakkaɓewar ganye daga bishiya. A takardar matan Ƙofar Marusa na rubuta "linzamin halitta", na bar gurbi a layi na gaba ina jiran abin da za ku kawo.