Jihohin Amurka na neman a kira taron gyaran kundin tsarin mulki: ta ina zai taɓa talaka?

Maman Fadila:

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a jihar Ohio, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma 'ya'yana nan aka haife su. Wata maƙwabciyata ta kawo mini takarda tana so in sa hannu, wai ana roƙon majalisar dokokin jiharmu ta nemi a kira babban taro domin gyara kundin tsarin mulkin ƙasa. Ta ce manufar ita ce a hana gwamnatin tarayya cin bashi ba kai ba gindi, a kuma yanka wa 'yan majalisa wa'adi. Duka biyun sun kwanta mini a rai, amma wani abokin aikina ya ce idan aka buɗe taron nan babu mai iya hana shi taɓa 'yancin addini, ko 'yancin zama ɗan ƙasa na yaran da aka haifa a nan. Ina roƙon masana su warware mini yadda abin yake, kuma su faɗa mini ta inda zai fara shafar mutum irina.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Maman Fadila. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Amurka ya tanadi hanya biyu ta gabatar da gyara. Ta farko ita ce kashi biyu bisa uku na Majalisar Wakilai da na Majalisar Dattawa su amince, kuma dukkan gyare-gyare 27 da ake da su yau ta nan suka biyo. Ta biyu ita ce majalisun dokoki na kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 34 daga cikin 50, su nemi a kira taro, wanda a nan wajibi ne Majalisar Tarayya ta kira shi. Wannan hanya ba a taɓa bin ta har ƙarshe ba, ko da yake an sha zuwa bakin ƙofa: a 1969 yunƙurin Sanata Everett Dirksen kan rabon mazaɓu ya tsaya a jihohi 33, sannan a 1983 masu neman a hana giɓin kasafin kuɗi suka kai 32. Takardar da aka kawo miki ta yi kama da ta ƙungiyar Convention of States, wadda aka kafa a 2013, kuma zuwa 2022 jihohi 19 ne suka amince da ƙudurinta.

Abin da nake so ki riƙe shi ne taron ba ya zartar da komai da kansa, shawara kawai yake fitarwa. Duk abin da ya fitar sai jihohi 38 sun amince kafin ya shiga kundi, ma'ana jihohi 13 kaɗai sun isa su kashe shi. A yadda ƙasar nan ta rabu tsakanin jam'iyyu biyu, ban ga ta yadda za a sami jihohi 38 da za su yarda a soke 'yancin addini na gyara na 1, ko haƙƙin ɗan da aka haifa a ƙasa na gyara na 14 wanda yake tun 1868 ba. Ta wannan fuskar ki kwantar da hankalinki.

Baban Sadik:

Malam ya yi gaskiya kan 'yancin addini, amma a ganina an kai hankali nesa alhali abin yana cikin aljihun Maman Fadila. 'Yar'uwa, ki duba takardar albashinki, ki tambayi kamfanin da kike wa aiki daga ina kuɗin yake fitowa. Mafi yawan aikin kula da tsofaffi da naƙasassu a gida shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ne ke biyan sa, kuma gwamnatin tarayya ke ɗaukar aƙalla rabin nauyin shirin a kowace jiha. Kusan huɗu daga cikin kowace haihuwa goma a Amurka ma Medicaid ke biya.

To, gyaran da zai tilasta wa gwamnatin tarayya daidaita abin da take kashewa da abin da take samu shi ne wanda ya fi kowanne samun goyon bayan jihohi, kuma shi ne mafi daɗin ji. Giɓin shekarar kasafi ta 2024 ya kai kimanin dala tiriliyan 1.8. Hanyar toshe irin wannan rami biyu ce kawai, ko a ƙara haraji ko a rage kashewa, kuma manyan wuraren da kuɗin ke tafiya sanannu ne: fanshon Social Security, Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi), Medicaid, sojoji, da kuɗin ruwa na bashi. Kuɗin ruwa ba ya yankuwa, na sojoji kuwa kowa ya san irin masu tsaya masa a majalisa. Wuƙar za ta fi sauka ne a kan awoyin da aka ware wa tsohuwar da kike yi wa wanka kina duba mata maganinta, da katin tallafin abinci na SNAP da mutum sama da miliyan 40 suka sayi abinci da shi a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da tattalin arziki ya karye. A irin wannan lokaci haraji yakan ragu daidai sa'ad da mutane suka fi bukatar taimako. Kusan dukkan jihohi doka ta riga ta hana su yin giɓi, shi ya sa a 2009 da 2020 gwamnatin tarayya ce ta ciyo bashi ta tallafa musu, ta ƙara kuɗin marasa aikin yi, ta aika wa mutane caki. Wanda ya zauna a nan lokacin korona ya san gidaje nawa ne wannan kuɗin ya hana a kore su daga haya. Idan aka ɗaure wa tarayya hannu a cikin kundi, sai an sami rinjaye na musamman a majalisa kafin a yi haka, kuma talaka ne zai zauna jiran 'yan siyasa su gama ciniki.

Alhaji na Houston:

Ni na sa hannu, kuma ina tare da masu wannan kira. Baban Sadik, ka lissafa wahalar da za a sha idan aka tsuke kasafi, amma ba ka lissafa wadda ake sha yanzu ba. Rabon da gwamnatin tarayya ta yi rarar kuɗi tun 2001, bashin ƙasa ya haura dala tiriliyan 36 a ƙarshen 2024, kuma a shekarar kuɗin ruwa kaɗai ya zarce abin da aka kashe wa sojoji. Su Fadila ne za su gaji wannan nauyi. Majalisar Tarayya ta gwada gyara kanta ta kasa, domin a 1997 ƙuri'a ɗaya tak ta hana gyaran kasafi wucewa a Majalisar Dattawa. Batun wa'adi kuwa, jihohi da dama sun yi dokarsa ga wakilansu, sai Kotun Ƙoli ta ce a 1995 ba su da wannan iko sai ta gyaran kundi. Wa zai zauna yana jiran sanata ya jefa ƙuri'ar da za ta raba shi da kujerarsa?

Ko taron bai zauna ba, matsin yana aiki. A da, majalisun jihohi ne ke naɗa sanatoci, sai da jihohi suka yi ta neman taro har suka kusa cika adadi kafin Majalisar Dattawa ta sauko, aka sami gyara na 17 a 1913 wanda ya ba talaka ƙuri'ar zaɓen sanatansa kai tsaye.

Ɗalibar Shari'a:

Alhaji, Allah ya ƙara girma, hujjar gyara na 17 tana da ƙarfi, kuma damuwarka kan bashi ba ta wasa ba ce. Inda nake da ja shi ne sashe na 5 bai faɗi komai ba kan yadda taron zai gudana. Bai ce wa zai zaɓi wakilai ba, jama'a ne ko majalisun jihohi. Bai ce kowace jiha ƙuri'a ɗaya za ta samu ko gwargwadon yawan mutanenta ba, alhali Wyoming ba ta kai mutum 600,000 ba, Kalifoniya kuwa tana da kimanin miliyan 39. Bai ce ko ana iya taƙaita taron ga batu ɗaya ba, bai ce ko takardar da jiha ta aika shekara hamsin da suka wuce tana nan da rai ba, kuma bai ce ko jihar da ta janye takardarta za a cire ta daga lissafi ba, duk da jihohi da yawa sun janye tasu. Masu tsoro suna tuna taron Filadelfiya na 1787, wanda aka kira domin a yi wa tsohon tsari kwaskwarima, sai ya rubuta sabon kundi, ya kuma mayar da sharaɗin amincewa daga dukkan jihohi 13 zuwa 9. Wannan tsoro ya haɗa ƙungiyoyin da ba sa ga maciji da juna, kamar Common Cause ta masu sassaucin ra'ayi da John Birch Society ta masu ra'ayin riƙau. Haka kuma masu kiran taro ba ɓangare ɗaya ba ne, domin wasu jihohi sun nemi a kira shi kan kuɗin yaƙin neman zaɓe bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Citizens United na 2010, wanda ya sakar wa kamfanoni mara su kashe kuɗi a harkar zaɓe, Kalifoniya kuma ta nema a 2023 kan dokar bindiga.

Yaya Maman Fadila, kafin ki sa hannu ki nemi lambar ƙudurin daga maƙwabciyarki, ki karanta shi a shafin intanet na majalisar Ohio. Ki lura ko ya tsaya kan wa'adi kaɗai, ko ya haɗa da "rage iko da hurumin gwamnatin tarayya", domin wannan jimla tana da faɗin da za ta iya ɗaukar dokar mafi ƙarancin albashi da ta kare ma'aikaci daga wariya a wurin aiki. Sannan ki kira ofishin ɗan majalisar jiha na mazaɓarki ki yi masa tambaya biyu: wa zai zaɓi wakilan Ohio, kuma me zai faru da wakilin da ya wuce abin da aka aike shi. Kwamitocin majalisar suna karɓar ra'ayin jama'a a rubuce lokacin sauraron ƙuduri, kuma bayanin mai aikin kula da tsofaffi kan abin da rage awoyi ke jawowa a gida ɗaya yana cikin abubuwan da ba kasafai suke ji ba.