Camry ɗina ta fi ƙarfi, to me ya sa ƙaramar Mazda ta fi daɗin tuƙi?

Baban Amira, Jos:

Assalamu alaikum masana mota. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun watan jiya.

Shekara shida ke nan ina hawan Camry 2010, wadda dillalai ke kira Muscle, mai filogi shida. Ƙarfin doki 268 gare ta, kuma ba a takarda kawai ba, don in na taka totur a hanyar Bauchi, kafin ka ce kwabo allura ta wuce inda bai kamata ba. Ban taɓa raina ta ba, har ranar da ƙanin matata ya zo suna daga Abuja da wata Mazda MX-5 'yar 2008. Da na gan ta dariya na yi, na ce wannan akwatin ashanar fa? Kujera biyu, but ɗin da ƙyar ya ɗauki jaka biyu, saman kuma tamfol. Bai ce mini komai ba, makulli kawai ya miƙo.

Bayan la'asar na ɗauki hanyar Vom. Abu na farko, zaman ciki kamar a kan tabarma, in ka buɗe ƙofa sai ka taɓa kwalta da hannu. Sandar giya gajeriya, wuyan hannu kawai kake karyawa ta faɗa. Da na zo wata kwana na ɗan murza sitiyari, kafin in gama tunanin juyawa hancin motar ya riga ya shige. Na ɗauka na haura ɗari da ashirin, ina duba maleji na ga saba'in. Ni kaɗai a mota ina ta dariya kamar yaron da aka saya wa keke. Da na dawo na shiga Camry, sai na ji kamar falon gidana nake tuƙawa da kushin ɗinsa.

Sati biyu bayan nan na je Abuja na gwada Dodge Challenger mai filogi shida, doki 305. Kyau kam ba a magana, kowa sai ya waiwaya. Amma abin nan da na ji a hanyar Vom ban ji shi ba.

To mene ne shi wannan abin? Motar da dokinta bai kai 170 ba ta fi mai 305 motsa mini jini. Kuma ina so in sayi tawa, Camry ta zama ta iyali. Guda huɗu na gani da kuɗina zai iya kaiwa: Scion FR-S 2014 mai giyar hannu, Mustang 2015 mai filogi huɗu da turbo, Nissan 370Z, sai Golf GTI. MX-5 na fi so, amma uwargida ta ce ba za a ajiye motar da ko Amira ba za ta samu wurin zama ba.

Injiniya Na-Kabuga:

Wa'alaikumus salam Baban Amira. Abin da ka ji nauyi ne, ko in ce rashinsa. MX-5 irin ta surukinka kilo 1,100 da 'yan kai ce, Camry ɗinka ta doshi 1,600, Challenger kuwa ta haura 1,700. A miƙaƙƙiyar hanya doki yana ɓoye nauyi, amma a kwana da wurin birki babu maganinsa. Ka tura baro babu kaya ka sha kwana, sannan ka ɗora masa buhun siminti uku ka sake gwadawa. Ƙarfinka bai ragu ba, baron ne ya daina jin magana.

Sai kuma inda nauyin yake. Injin Camry yana kwance a saman tayoyin gaba, kuma su waɗannan tayoyin ne ke jan mota, su ne ke juya ta. Aiki biyu a wuyan mutum ɗaya. A MX-5 an tura inji baya kaɗan, nauyi ya rabu kusan rabi da rabi, tayoyin baya na turawa, na gaba ba su da aiki sai juyawa. Shi ya sa ka ji sitiyari yana gaya maka abin da ke ƙarƙashin taya. Tun da aka fito da ita a 1989 wannan ce dabararta, kuma a 2016 aka cika ƙera guda miliyan ɗaya.

Saba'in da ka ji kamar ɗari da ashirin kuwa, kusancinka da ƙasa ne da ƙarar da ke shigowa. An ƙera Camry ne don ta raba ka da hanya, an cusa mata abin tare sauti, shokoziba mai laushi, kujera a sama. Ba laifi ba ne, aikinta ke nan.

Cikin huɗun nan FR-S ce 'yar'uwar abin da ka ɗanɗana. Ita ce Toyota GT86, ita ce Subaru BRZ, kamfanonin biyu suka haɗa hannu suka fito da ita a 2012, a Amurka aka sa mata Scion. Doki 200, nauyi wajen kilo 1,250, jan baya, injin kuma irin na Subaru ne mai kwance, filogi biyu a dama biyu a hagu, don nauyi ya zauna can ƙasa. Har tayar da suka sa mata siririya ce da gangan, irin wadda ake sa wa wasu Prius, don ka ji motar tana wasa ba sai ka ƙure maleji ba. Amma in faɗa maka gaskiya tun yanzu: a danja Camry ɗinka za ta iya ba ta kunya. Ƙarfinta yana can sama ne wajen juyi 7,000 a minti a agogon inji, tsakanin 3,000 da 4,500 kuma akwai wani ɗan sanyi da kowa ke kuka da shi. Wanda ba ya son wasa da giya zai ce mota ce mara ƙarfi.

Oga Mai Sifana, Panteka:

Injiniya ya yi karatu, ni kuma bari in yi maganar gareji. Alhaji, kafin ka zaɓi mota ka fita ƙofar gidanka ka duba layinku. FR-S da 370Z tsakaninsu da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, wato ko tsawon biro bai kai ba. Kowane tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace kana addu'a. Na sha ɗaga irinsu na tarar da cikin duk ya kankare.

Na biyu mai. Waɗannan injinan an yi su ne don mai mai daraja ta sama, mu kuwa famfo ɗaya ne ga kowa, da mai Keke Napep da mai Benz. Motar za ta tafi, kwamfutarta za ta rage wuta don kare inji, amma dokin da ke takarda ba duka za ka samu ba. Ka riƙe gidan mai ɗaya da ka yarda da shi.

Na uku, kaya. Na Camry ko da tsakar dare ka tashe ni zan samo maka a Panteka ko Ƙofar Ruwa. Fitilar FR-S ko bambar 370Z kuwa, sai an buga waya kasuwar Ladipo a Legas, in babu a jira daga waje. Injin Nissan ɗin da ɗan sauƙi, don shi ne a Infiniti G37.

Abin da ya fi komai: da yawa cikin irin waɗannan motocin da ake kawowa daga Amurka masu hatsari ne, an sayo a gwanjo an gyara. Irin wannan mota ba tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita ba, yara ne ke murza ta. Wani abokin cinikina ya sayi wata a hannun wani dillali, fenti na walƙiya, da muka buɗe sitiyari babu balan-balan ɗin kariya ko ɗaya, an cusa soso an rufe. A ɗaga ta a duba shasi, a sa kwamfuta, a bincika lambar shasi a intanet, sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan. Wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, ko kyauta aka ba ka ka ce Allah ya amfana.

Ɗan Zamani V8:

Ni dai ban yarda ba wallahi. Kuna ta kilo kilo kamar masu awon hatsi. Mota in ba ta yi gurnani ba ina wasan yake? Baba, ka ƙara kuɗi ka ɗauki Mustang GT, filogi takwas, doki 435. Daga 2015 ma an gyara ƙafar bayanta, kowace taya da motsinta, ba bakazal ɗaya kamar a-kori-kura ba, tana shan kwana yadda ya kamata. Mai filogi huɗun da ka gani tana da gudu, doki 310 ne, amma ranar da GT ta tsaya kusa da kai a danja ta yi gyaran murya, zuciyarka za ta sosu.

Oga Mai Sifana, Panteka:

Yaro, tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, filogi takwas ɗin da ake kawo mini yawancinsu batir ne ya mutu saboda zaman gida.

Anti Mai GTI:

Baban Amira, kada ka tsallake maganar uwargidanka. Kujerun bayan FR-S suna nan a suna kawai, babba ba zai zauna ba, yarinya 'yar firamare ma sai an matso da ta gaba. Ni GTI nake hawa shekara uku, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa Zariya, buhun shinkafa na shiga but. Jan gaba ce, Injiniya zai ce ba ta cika ba, amma ta farko da aka yi a 1976 doki 110 ne kawai da kilo 810, kuma ita ta koya wa duniya cewa motar cefane ma tana iya wasa. Ta zamanin nan kuwa, turbo ɗinta tun daga ƙasa yake tura ka, ba sai ka kai allura sama ba, a cikin gari kuwa shi ake buƙata. Illarta ɗaya, a tasha wani zai iya tsayar da kai yana tambayar ko Funtuwa za ka. In otomatik ce ka tambayi yaushe aka canza man giyabos, don nata ba ya son wasa da lokaci.

Baban Amira, Jos:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, misalin baron nan ya zauna mini. Jiya da zan fita aiki na lura da yadda Camry ke jingina gefe a shataletale, shekara shida ban taɓa kula ba, yanzu kun ɓata mini ita.

Ɗan Zamani, na ji ka, gurnanin yana da daɗi. Sai dai ƙa'ida ɗari ce a babbar hanya, ni kuma mai 'ya'ya uku ne. Motar da sai ta kai ɗari da sittin take farkawa, ina zan kai ta? Abin da ya kama ni a hanyar Vom a saba'in ya kama ni.

Oga, na bi shawararka na fita da tef. Gadar simintin ƙofar gidana ta yi tsini da yawa, birkila ya ce buhu biyu za su kwantar da ita. Ranar Asabar zan sauka Abuja da bakanikena da kwamfutarsa mu ga FR-S ɗin, kuma Anti, zan tafi da Amira ta zauna a baya, in ta yi ƙorafi mu wuce wurin GTI. Dillalin ya turo lambar shasin da daren nan bayan na roƙa sau uku. A wane shafi ake samun hotunan gwanjon?